Likita ya ce in motsa jiki, maiɗakina ta ce aure zan ƙara

Assalamu alaikum Kawu. Ni magidanci ne a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Shekaruna 37, matata ɗaya da 'ya'ya uku. Yadi da shadda nake sayarwa a kasuwa, daga hantsi har magariba a zaune nake. Kwanakin baya ciwon kai ya matsa mini na je asibiti, aka auna jinina aka samu 152 a kan 96. Likita ya ce in rage teɓa, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan wata guda. Mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, shi ya sa hankalina ya tashi. Wani abokina ya ce in sayi agogon zamani mai ƙirga taku da auna jini, da kambas mai tsada, da kayan motsa jiki, in kuma yi rajista a gidan motsa jiki. Na kwashi adashina naira dubu ɗari da tamanin da niyyar in saya. Da maiɗakina ta ji, sai ta ce ai mun yi da ita kuɗin makarantar yara za a biya da shi, ta kuma ce ta gane take-takena, gayu nake son komawa don zan ƙara aure. Ban gaya mata maganar likita ba don kada ta tsorata. Yanzu ba ma magana sai ta dole. Kuma gaskiya ina jin kunyar a gan ni da gajeren wando ina gudu a titi. Me zan saya, me zan bari, kuma yaya zan yi da ita?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Wanda ya taɓa zama gefen katifar mahaifinsa yana juya shi yana ba shi kunu a cokali, in aka ce masa jininsa ya hau, ba zai ji maganar kamar yadda sauran mutane ke jin ta ba. Tsoronka yana kan hanya, kuma shi ne ya kai ka asibiti da wuri, alhamdu lillahi.

Tambayarka ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ita ce ba ta jiran gobe. Ka tsaya ka dubi abin ta inda matarka take tsaye. Mijinta ya shigo rana ɗaya yana zancen agogon gayu da kambas da rage tumbi, da kuɗin da kuka riga kuka ajiye magana a kansu, kuma bai ce mata ga dalili ba. Wace mace ce a garin nan ba za ta kawo abin da ta kawo a ranta ba? Ka ɓoye mata don kada ta tsorata, sai ga shi ta tsorata da abin da babu shi, kai kuma kana ɗauke da naka tsoron kai kaɗai, kuna kwana a gida ɗaya kowa da nasa. Yau ɗin nan, bayan yara sun yi barci, ka ɗauko katin asibitin ka miƙa mata. Ka ce mata ga abin da aka auna, ga abin da likita ya ce, kuma tunda ka ji kake tuna Baba. Ka ba ta haƙuri a kan kuɗin, ba tare da "amma" ba. Alkawari kuka yi, ka biya kuɗin makarantar.

Ba don a sasanta kawai na ce ka gaya mata ba. Rabin abin da likita ya umarce ka a hannunta yake, domin ita ke tsaye a kan tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin magi, da biredi, da yajin da kake barbaɗawa a tsire, da ɗan ƙullin garin da ke cikin ledar indomi. Dunƙulen magi galibinsa gishiri ne. Miyar kuka ko ta kuɓewa da aka jefa wa dunƙule huɗu aka kuma bi da gishiri, babu agogon da zai goge maka ita. Matar da ta san ran mijinta take karewa za ta nemo hanya: ta ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, ta riƙa rage magin kaɗan-kaɗan har harshen gidan ya saba. Cikin 'yan makonni yake sabawa. Matar da take zaton kishiya ake shirya mata kuwa, ka ce mata ta rage gishiri ka ji amsar da za ka samu.

To, mu zo kan agogon. Ra'ayina kai tsaye shi ne kada ka saya yanzu, kuma ba don na raina na'ura ba. Bari in gaya maka yadda yake aiki. In ka juya bayansa za ka ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Hasken nan yana shiga fata, wani ɗan ido a gefensa yana lura da yadda yake dawowa duk lokacin da jini ya buga. Da wannan yake ƙirga bugun zuciya, kuma agogo mai kyau yana yin hakan daidai gwargwado. Awon hawan jini wani abu ne daban. Na'urar asibiti sai ta hura iska ta matse dantse har ta tare jijiya, sannan ta saki a hankali tana jin ƙarfin da jini ke turowa da shi. Agogo galibi ba ya matse komai, kintace yake yi. Ko agogon Samsung, mai tsadar gaske, kamfanin da kansa ya ce sai an daidaita shi da na'urar dantse duk bayan mako huɗu kafin a dogara da lambarsa. Ina ga waɗanda ake zubawa a faranti a bakin titi, masu cewa suna auna jini da suga da komai? A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba.

Kai ɗan kasuwar yadi ne. In aka kawo maka yadi aka rantse maka auduga ce zalla, ba ka tsayawa gardama, zare ɗaya kake zarewa ka ƙyasta masa ashana. In ya zama toka ka san auduga ce, in ya narke ya dunƙule ka san roba ce. Agogon ma haka za ka yi masa. Ka ɗaura shi a kan bandir ɗin shadda ka danna awon jini. In ya ba ka lamba, ka mayar wa mai shi kayansa. Abin da nake tsoro da irin wannan agogo ba asarar kuɗin ba ce. Tsorona ya riƙa nuna maka 120 a kan 80 kullum, ranka ya yi sanyi, ka fasa komawa asibiti, jinin kuwa yana nan yana ɓarna a ɓoye. Hawan jini sau da yawa ba ya zuwa da wata alama.

Zan yi wa abokinka adalci. Ƙirga taku yana zaburar da wasu. Wani nazari da masu bincike a Ostareliya suka fitar a 2022, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna masu amfani da na'urorin ƙirga taku suna ƙara kusan taku 1,800 a yini. Amma akwai wani gwaji da aka yi a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, aka buga a 2016, a kan matasa kusan 470 masu neman rage ƙiba na tsawon shekara biyu. Waɗanda aka ɗaura wa na'ura sun rage kimanin kilo 3.5, waɗanda ba a ba su ba suka rage kusan kilo 6. Na'ura tana ƙirgawa ne kawai. Kuma ƙirgar nan wayar da ke aljihunka tana yin ta. Kusan duk wayar zamani, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, tana da abin da ke jin motsi a cikinta, manhajar ƙirga taku kyauta kawai take buƙata. Kada kuma lambar taku dubu goma a yini da abokinka zai riƙa ambato ta karya maka gwiwa. Wani kamfanin Japan ne ya yayata ta a 1965 don tallar na'urarsa. Bincike na baya-bayan nan ya nuna amfanin tafiya yana farawa tun ƙasa da haka sosai, wanda ya kai dubu bakwai ya riga ya kwashi kaso mai tsoka.

Akwai abin da na lura da shi ga mutane da yawa, ina jin kai ma ya taɓa ka. In mutum ya tsorata, sayen kaya yana sa shi jin kamar ya fara magani. Ya biya kuɗi, ya riƙe leda, zuciya ta ɗan kwanta. Abu mai wuya shi ne tashi daga kan dardumar sallar asuba a fita maimakon a koma gado, kuma wannan ba a sayar da shi a kowane shago.

Abu biyu ne na yarda ka kashe wa kuɗi bayan ka biya na makaranta. Na farko na'urar awon jini ta dantse, mai batir, ba ta wuyan hannu ba. Ka saye ta a babban kantin magani, ka tabbata abin ɗaurawar ya zagaye dantsenka da kyau, don wanda ya yi ƙanƙanta yana ƙara lamba. In za ka auna, ka zauna shiru minti biyar, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ka sha shayi ko ka ci goro rabin awa kafin nan, kada ka yi magana tana aunawa. Ka auna sau biyu da safe, sau biyu da dare, ka rubuta a ɗan littafi da kwanan wata. Rubutun ma ka ba maman yara ta riƙe, za ta fi ka kula da shi. Awo ɗaya a asibiti, ga ciwon kai ga fargaba, ba ya yanke hukunci, shi ya sa likita ya ce ka dawo. Littafin nan zai nuna masa yadda jininka yake a gida.

Na biyu takalmi. Nan ma ba tsada ake bi ba, dacewa da ƙafa ake bi. Ka je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Ka sa duka biyun ka taka a gaban shagon. Tsakanin babban yatsanka da bakin takalmin a samu faɗin babban yatsan hannu, diddige kuma kada ya riƙa zamewa. Kada ka yarda da "zai buɗe in ka sa shi kwana biyu". In na gwanjo za ka ɗauka, babu laifi, sau da yawa ma ya fi sabon jabu ƙarko. Sai dai ka kifa shi ka duba ƙasansa. In gefe ɗaya ya cinye, takun wani ya riga ya karkatar da shi, zai sa maka ciwon gwiwa. Ka danna cikinsa da yatsa, in soson ya mutu bai dawo ba, ka ajiye. Silifas da takalmin fata mai santsi ka bar su don masallaci da kasuwa.

Maganar kunya kuwa, wa ya ce sai ka yi gudu, wa kuma ya ce sai da gajeren wando? Mai teɓa da ya shekara da shekaru a zaune, in ya fara da gudu gwiwa ce za ta fara kai ƙara, cikin mako guda ya ajiye. Tafiya ake so, mai ɗan sauri, irin ta wanda ya ji an tayar da iƙama yana nesa. Ma'auninta shi ne kana iya yi wa na gefenka magana amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ka fara da minti goma sha biyar ka riƙa ƙarawa. Ga masu hawan jini, irin wannan motsi in ya ɗore yana iya sauke lambar sama da kamar 5 zuwa 8, kuma kowane kilo ɗaya da ka rage yana sauke ta da kusan ɗaya.

Tufafi kuma kai za ka koya mini. Ka yanki yadin auduga marar nauyi a shagonka, tela ya ɗinka maka 'yar shara da wando mai sakin jiki, ba aiki ba sitati. Shadda mai bugu ba ta shan gumi, ka bar ta don Juma'a. Wanda ya gan ka cikin wannan shiga da sassafe zai ɗauka wani uzuri ka fito, kuma gaskiyarsa ne. In ma an gane, sai me? Garin da tun zamanin Sarki Dikko ya yi suna da ƙwallon dawaki, garin da Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, aka san shi har ƙasashen waje da wasan, ba a nan ne za a ce gumi yana zubar da girman magidanci ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi tsere da Nana A'isha. Masu tsokana a majalisa za su yi ta kwana biyu su gaji, kuma kada ka yi mamaki in ɗayansu ya ja ka gefe yana tambayar ƙarfe nawa kake fita.

Lokacin da ya fi maka shi ne bayan asuba in gari ya fara wayewa, musamman da bazara da zafin garin nan ke haura 40 da rana. Ka nufi wajen Ƙofar Soro, ka zagayo ta hasumiyar Gobarau ka dawo, ko duk hanyar da ka san akwai jama'a. Wayar ta zauna can cikin aljihu, kada ka fito da ita kana duba taku a hanya, ka san halin masu ƙwace. Kada ka toshe kunne da abin sauraro, ga babura ga Keke Napep. Da hunturu in ƙura ta yi yawa ka rufe hanci ko ka jinkirta. Abin da ya fi duk wannan muhimmanci, ka samu abokin tafiya daga sahun masallacinku. Na tabbata akwai wani dattijo mai suga ko hawan jini da likita ya yi wa irin maganar da ya yi maka, yana can yana jin irin kunyarka. Ranar da ka ji kasala, sanin cewa Alhaji yana tsaye a ƙofar masallaci yana jiranka shi zai fito da kai.

Gidan motsa jiki ka ajiye shi tukuna. In ka yi wata uku kana tafiya ba fashi, jinin ya daidaita, likita ya amince, kuma aljihu ya ba da dama, sai ka je. Kafin nan kada ka kusanci ɗaga ƙarfe mai nauyi kana riƙe numfashi, yana harba jini sama nan take. Sau biyu a mako ka yi abin da zai ƙarfafa tsoka a tsakar gida, kamar zama da tashi daga kan benci ba tare da dafa gwiwa ba, ko ɗaga ƙaramar jarkar ruwa.

Sauran yaƙin a shago yake, kuma a nan nake jin zai fi maka wuya, don abincin kasuwa da zumunci yake zuwa. Maƙwabci ya sayo lemo ya miƙo, baƙo ya zo a aika a kawo, mai fura ta zo a dama a zuba sukari ludayi guda, mai shayi ya cika kofi da madarar gwangwani. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi goma ko fiye. Ka ajiye ruwa kusa da kai, ka koyi cewa "na gode, likita ya hana". Babu wanda zai ji haushi. Lemon ƙara kuzari ka rabu da shi gaba ɗaya, goro ka rage. Haɗin maganin ciwon jiki da ake karɓowa a kemis bayan an tashi kasuwa, ka kiyaye shi, domin irin su diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda in an mayar da su abin kullum. Shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya kuwa, da yawansa filasko ne a ciki. Gudawa zai sa ka, ruwan jikinka ya zube, kitsen yana nan. In mai saye ya nuna bandir na can sama, kada ka kira yaron shago, tashi ka sauko da shi da kanka. Azahar da la'asar ka tafi masallacin da ya ɗan fi nisa.

Sikeli ma ba sai ka saya ba, tef ɗin awo yana rataye a shagonka. Ka auna tsakiyar cikinka, ɗan sama da cibiya, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka shanye tumbin ba. Ƙa'idar da hukumar tsara shawarwarin lafiya ta Ingila ta fitar a 2022 ita ce kada awon nan ya kai rabin tsawon mutum. In tsawonka inci 68 ne, ana so ya kasance ƙasa da 34. Sau ɗaya a wata ya isa, ka rubuta a littafin nan.

Ranar komawa asibiti kada ta wuce ka, ko da ciwon kan ya tafi. Ka tafi da littafin da na'urar, a gwada ta da tasu a ga ko sun yi daidai. Ka gaya wa likita ciwon da ya yi ajalin mahaifinka, ka nemi a duba maka suga da ƙoda. In ya rubuta maka magani ka sha kullum, kada ka yanke don ka ga lamba ta sauka, kada kuma wani ya ce maka tafiya ko jiƙo sun wadatar. In kuwa wata rana na'urar ta nuna 180 a kan 120 ko sama, ko ka ji ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a kai ka asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Waɗannan alamomin ka karanta wa maiɗakinka su, ka kuma gaya wa 'yan'uwanka da kuke uba ɗaya su je a auna su.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya daidaita tsakaninku, Ya raya muku zuri'a.